Layi Biyu da Motar 'Yan Dubiya

Da layi biyu suka fito a ɗan farin abin gwajin, Najiba ta san mijinta Siddiq ya kamu da korona. Ita ta zura masa tsinken audugar a hanci, yana ihu kamar ana cire masa haƙori. Ta killace shi a ɗaki, ta kira yayarsa da ke Lau.

"Adda Kadijatu, cutar ana ɗauka. Don Allah kada kowa ya zo."

"Ana ɗauka? Subhanallahi! Ashe abin ya yi tsanani."

Kafin la'asar mota ta tsaya a ƙofar gidansu a unguwar Turaki, maƙil da 'yan dubiya da ƙwaryar kindirmo. Ai ba a barin ɗan'uwa shi kaɗai, balle matarsa ce ta ce a bar shi. Suka cika ɗakin, suka rufe taga kada iska ta bugi mara lafiya. Abin gwajin ya zaga hannu-hannu kamar goron suna. Wani kawu ya ƙura masa ido ya yanke hukunci: layi na biyun bai yi ja sosai ba, saboda haka rabin cuta ce.

Najiba ta ce, "Kawu, ko dishi-dishi ya fito, ya kamu."

Ko kallonta ba su yi ba. Suka sha kindirmo da ludayi ɗaya, har da Siddiq.

Sati na zagayowa Adda ta bugo waya, tari na sarƙe ta.

"Najiba, duk mun kwanta. Ruwan firjin nan da kika ba mu ne. Kuma har yau ba ki zo duba mu ba."