Ruwan da Ya Kwanta a Bututu

Ran da aka sallami Ɗan Kumatu daga asibiti, likita ta zaunar da uwarsa. Ta ce ƙwayoyin cutar da suka kama wa jaririn huhu a bututun ruwan gidansu suke. Gidan ya daɗe a rufe kafin su tare, ruwa ya kwanta, su kuma suka samu wurin hayayyafa. Ta feshin shawa ake shaƙarsu.

"Ki kwance kan shawar ki jiƙa a bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, ki saki ruwan zafi ya yi ta zuba. Amma a fitar da yaron tukuna. Ki ba wani ya riƙe miki."

Uwar ta ce to. Sai da ta zo hawa bene ta fara tunanin wa za ta ba.

Maigidan yana wata ƙasa wurin aiki. Ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, talabijin na ta surutu, ba wanda ya buɗe. Ɗaya ƙofar kuwa kwaɗo ne a jiki.

Ta shimfiɗa bargo a baranda, ta kwantar da yaron, ta jingina waya da takalmi, ta kira mijin a bidiyo.

"Riƙe mini shi."

"Ranki ya daɗe, da wane hannun?"

"Da idonka. Ko motsi ya yi, ka ƙwala mini kira."

"Kai, ina kumatun suka tafi?" Dariyar tasa ba ta yi nisa ba.

Ta rufe hanci da ɗankwali, ta buɗe taga. Da ta kwance kan shawar sai ga wani yauƙi baƙi-baƙi manne a ciki. A ƙarƙashin wannan take yi masa wanka kullum, har da waƙa. Ta kama gurza. Ƙarar ruwa ta hana ta jin komai, don haka bini-bini sai ta kashe famfo ta kasa kunne. Shiru. Ta sake kunnawa.

Da ta gama, ta sauya riga, ta fito da sauri. Fuskar wayar ta yi baƙi, oho tun yaushe kiran ya yanke. Ɗan Kumatu yana kwance yana tsotsar hannu, yana yi wa wayar gwaranci.

Ta durƙusa ta ɗora kunne a ƙirjinsa. Numfashi na shiga yana fita, babu sarƙewa. Ta daɗe a haka, ba wanda ya hau benen, ba wanda ya sauka.