Jan Bakin Malam Sanda

"Malam, don girman Allah! Nan fa nake wanke kofunan koko!"

Malam Sanda bai ko juyo ba. Ya sake kurkure baki ya tsartar a gindin famfo, jan ruwan ya gangaro har ƙarƙashin robata. Na janye ƙafa.

"Goro ne, Talatu. Goro ne kawai."

Haka yake cewa kullum, mu kuma 'yan gidan muka yarda. Gidan hayarmu a Agege ta Legas ɗakuna ne suna kallon juna, famfo ɗaya, makewayi ɗaya, ba abin da ke ɓuya. Ɗanɗanon goro ne sana'arsa. In Yarabawa suka sauke kaya, fataken Kano ba sa tayawa sai Malam Sanda ya gatsa ɗaya ya ce wannan zai kai Arewa, wancan a hanya zai ruɓe. Mutumin da ya tsufa a wannan aiki, wa zai yi mamakin jan bakinsa?

Sai dai goro ba ya wari. Shi kuwa in ya buɗe baki, sai ka ce ka biyo ta kwatar mahauta da rana tsaka. Ga shi da karamci mai tayar da hankali: ya gatsa goro, ya miƙa maka ragowar da yawu a jiki. Mazan unguwa su karɓa da hannu biyu, su ce sai an jima, su zagaya lungu su yar. Ni kam na gaya masa ido da ido ba na so. Matarsa Ruƙayyatu kullum tana shanya rigar matashi mai tabo, ta kife ta don kada mu gani.

A shekarar da sojoji suka koma bariki ya fara ramewa. Ruwa ba ya isarsa, wani ɗan ƙurji a ƙafa ya ƙi warkewa. Kachollom, nas 'yar Jos da ke ɗakin ƙarshe, ita ta lura kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Ta matsa masa har ya bi ta asibiti a Ikeja. Da suka sauko daga motar haya ta danfo, tun daga ƙofar gida muke jin muryarsu.

"Baba, likita ya ce suga ne. Dasashinka ya ruɓe, shi ke hana sugan sauka, sugan kuma yana ƙara ruɓar da shi. Mugunyar tana shiga jini, za ta iya kai wa zuciya. A cire haƙoran da ke girgiɗa, a wanke sauran, ka sha magani."

"A cire? Da me zan ɗanɗana goro, da hanci?"

"Baba, abeg, maganar ranka ake yi."

"Ke yarinya, ina baki ina zuciya? Ranar da na shiga kasuwa da wawulo, ranar aka binne ni."

Washegari ya tafi wajen wani mai magani a bakin titin jirgi. Mutumin ya turara masa hayaƙi, ya nuna masa wasu fararen abubuwa a kasko, wai tsutsotsin haƙori ne suka fito. Malam Sanda ya dawo yana ba mu labari da murna, yana cusa garin taba da kanwa a dasashi da yatsa, ya goge yatsan a jikin garu. Ranar ko ƙosaina ban iya ci ba.

Da damina ta sauka muƙamuƙinsa ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi. Na kai masa koko, na tsaya daga bakin ƙofa don warin ɗakin. Yana numfashi sama-sama, amma da ya ga Kachollom sai ya damƙe baki da tafin hannu kamar ta zo da filaya. Da hantsi ranar Laraba ya cika, kafin motar da Kachollom ta kira ta iso.

Wurin zaman makoki na ji mazan nan, masu yar da goronsa a lungu, suna cewa jifa ne, 'yan kasuwa ne suka yi masa hassada. Kowannensu ya shaƙi warin nan shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ce masa uffan. Wallahi ƙyamar da na ji a ranar ta fi ta gindin famfo.

Bayan sadakar uku na shiga taya Ruƙayyatu shara. A ƙarƙashin gado tsintsiyata ta jawo wani ɗan ƙunshi na ganyen fita, irin wanda ake naɗe goro da shi don kada ya bushe, an ɗaure da zare tsaf.

"Hala daushe ne Malam ya ɓoye," in ji ni.

Ta kwance. Haƙora ne, masu dogayen saiwoyi, sun yi baƙi-baƙi. Na kau da kai.

"Ashe da kansu suke zubewa," ta ce a hankali. "Ya taɓa ce min akwai wani a kasuwar Jankara mai mayar da haƙori."

Ta zauna a bakin gado ta naɗe su yadda ta same su, ta ɗaure zaren. Ganyen da sauran danshi, bai daɗe da yayyafa masa ruwa ba.