Tsagar Inna Batulu

Tir da Musaddiq, tir da shagonsa, tir da 'yar kyamarar nan da ya cusa mini!

Ni malamin makaranta ne a Birnin Kudu, amma ɗaukar hoto shi ne ciwona. Duwatsun garin nan, masussuka, Fulani a mashaya, duk na ɗauka. Fuskar kakata Inna Batulu ta Zandam ce kawai ta gagare ni. Tsaga ce a kumatunta, uku nan uku nan, aikin mahaifinta wanzami, kuma a duk danginmu ita kaɗai ta rage da ita. Ga ta ba ta ƙaunar hoto ko kaɗan. Sai bana da jiki ya fara ƙi, ta aiko a gaya mini: "Abdulnasir ya zo ya ɗauka. Amma sau ɗaya."

To, tsohuwar kyamarata nauyin dutsen niƙa gare ta, kafaɗata kuma tun da na faɗi a babur ba ta koma daidai ba. Na nufi wurin Musaddiq mai sayar da wayoyi da kyamarori 'yan hannu. Na ce ina son marar nauyi wadda zan yi tafiya da ita, mai gani a duhun ɗaki, wadda ba ta ƙara gishiri.

"Malam, ka zo gidan sauƙi," in ji shi. Ya zaro wata kamar sabulun wanka. "Na saita maka komai, kai dai danna. Amare har rububinta suke."

Na gwada ta a kan wata akuya da ke ƙofar shagon. Wallahi kowane gashi ya fito, har ƙudan da ke kunnenta. Ina zan san munafukar fuskar mutum kaɗai take yi wa kwaskwarima? Muka yi musaya, na bar masa tawa.

Da na isa Zandam na tarar Inna ta yi wanka, ta sa kwalli, ta zauna a tabarma bakin ƙofar ɗakinta inda haske ke sauka a kuncinta. Ta ɗaga haɓa. Na yi bismilla na danna.

Da na duba gilashin bayan kyamarar, sai na ga ba Inna ba ce. Wata mata ce fara sol, fuska sumul kamar an shafe ta da man gyaɗa. Babu tsaga, babu tamoji ko ɗaya. Kai, ƙazanta!

Mero da Zahara'u, jikokinta 'yan'uwana, suka leƙo ta kafaɗata suka saki guɗa.

"Lah! Inna ta koma budurwa! Yaya, don Allah tura mana a waya!"

"Ku rufe mini baki, sakarkaru," na ce. Murnarsu ta fi hoton ba ni ƙyama.

"Miƙo in gani," in ji Inna.

Na so in ɓoye, amma hannunta na miƙe. Ta kai kyamarar dab da idonta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa yatsa ta bi kuncinta a hankali, layi bayan layi.

"Inna, na'urar ce," na ce. "Mai shagon ne ya kunna abin gyaran fata. Yanzu zan kashe shi mu sake."

"Na ce sau ɗaya."

"Don girman Allah, Inna."

Ta ajiye kyamarar a ƙasa, ta ture ta da bayan hannu, ta jawo mayafi ta rufe kumatunta.

"Yaran nan sun daɗe suna cewa fuskata ta mutanen da ce, ban taɓa damuwa ba," ta ce. "Kai da ka yi shekaru kana roƙo, na zaci so kake ka ajiye aikin hannun babana. Ashe kai ma kunyarsa kake ji."