Raɗin Suna a Motar Gwaji

Kafin Maiwada ya fito daga cikin gida da farantin goro, motar ta tafi da liman.

Ba liman kaɗai ba. Ta kwashe wanzami, ta kwashe surukinsa da ya zo tun daga Bida, ta kwashe duk wanda ya gayyata sunan ɗansa. A ƙofar shagon ɗinkinsa da ke bakin titin Kpakungu babu kowa sai tabarmi a shimfiɗe, da rago ɗaure a jikin falwaya yana tuƙa abinsa.

Kolo mai keke napep na zaune cikin kekensa yana sakace.

"Kolo, ina mutane?"

"Sun tafi."

"Ina?"

"Ba kai ka ce in an tambaye su, su ce mota suke jira ba? To, mota ta zo."

Maiwada ya leƙa titi, babu ko ƙurar motar. Wata guda ke nan da aka ce za a fara sabbin motocin safa daga Kpakungu zuwa Maikunkele, kuma matsaya ɗaya tak za a gina a unguwarsu: ko a ƙofar shagonsa, ko can gaba a ƙofar kemis ɗin Shekwolo. Inda matsaya ta sauka, nan ciniki zai sauka. Ofishin sufuri ya ce zai turo ma'aikaciya ranar Talata da safe ta ƙirga masu jiran mota a wuraren biyu, wanda ya fi jama'a shi ke da matsaya. Da Allah ya sa sunan ɗansa ya faɗo ranar Talatar, sai Maiwada ya ce gida ya yi ƙunci, a bakin titi za a yi taro. Ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya ya yi musu huɗuba. Abin da bai sani ba shi ne ma'aikaciyar da motar gwaji za ta zo, kuma shiga kyauta ne.

Ya faɗa bayan keken da farantin a cinyarsa. "Bi su."

"Bakatsine ke nan," in ji Kolo yana tayar da keke. "Dabara kamar gizo, ƙarshe kuma Banufe ne zai cece shi. Ka ce mini ranka ya daɗe tukuna."

"Ranka ya daɗe, bawana. Taka wuta."

Sun wuce shataletale ke nan wayar Maiwada ta yi ƙara. Matarsa Sharifa ce.

"Baban jariri, mata sun cika gida suna tambayar suna. Me zan ce musu?"

"Ki ce ana addu'a."

"Na leƙa waje, rago kawai na gani. Shi ke addu'ar?"

"Liman ya ɗan zagaya ne."

"Da mutum sittin?"

Ya kashe wayar. Kolo ya kutsa tsakanin wata tifa da mai turin ruwa, goro uku suka yi tsalle suka bi titi. Sai a Limawa suka cim ma motar, doguwa, koriya shar, ta tsaya tana jiran wata akori-kura ta gama juyawa. Maiwada ya dira ya bubbuga ƙofa har direba ya buɗe.

Yana shiga ya tsaya cak. Mutanensa na nan a kujerun gaba cikin manyan riguna. Daga tsakiya zuwa baya kuwa mata ne reras cikin anko iri ɗaya, kowace da littafin waƙa a hannu, 'yan zumuntar mata na coci. A can kujerar ƙarshe wani ya rufe fuska da jarida, amma sanƙon ya tona shi.

"Shekwolo," in ji Maiwada, "ashe kai ma tafiya ta kama ka."

Jaridar ta sauka a hankali. "Maƙwabci, barka da suna. Matan nan koyon waƙa suke yi. Sun ce ƙofar kemis ɗina ta fi iska."

"Da ƙarfe bakwai na safe?"

"Lokacin ne murya ta fi fita."

Liman, wanda ya samu kujera kusa da na'urar sanyi, ya ɗago hannu. "Maiwada, Allah ya yi albarka. Na ɗauka gidan surukai ka ce a kai mu. Irin wannan mota haka, ai ka yi ƙoƙari. Sai dai rana na yi, ina da ɗaurin aure ƙarfe tara. Matso ka faɗa mini sunan."

Kusa da direba wata mata ce zaune da tabarau, da allon rubutu a cinya, katin wuyanta ya ce Dorothy. Ita ce mai ƙirga. Idonta na kan farantin goro.

Maiwada ya dubi liman, ya dube ta. In ya raɗa sunan, asiri ya tonu, matsaya ta tafi. In bai raɗa ba, yaro ya wuni babu suna, kuma Sharifa na jiransa a gida. Motar ta tashi, ya yi tangaɗi ya dafa kujera. Ya sunkuya ya raɗa wa liman a kunne.

Liman ya ɗaga hannu, gaban mota duk ya ɗaga. Direba ya rage rediyo. Aka shafa fatiha daidai lokacin da motar ta faɗa wani rami, wanzami ya miƙe riƙe da ƙarfen sama ya yi shela: "Yaro ya ci suna Sadiq. Allah ya raya."

Rifkatu, matar Shekwolo, ita ta fara rangaɗa guɗa daga baya, sauran matan suka ɗauka. Faranti ya bi kujera kujera har ya dawo babu ko ɓare. Maiwada ya kira Sharifa ya ɗaga wayar sama don ta ji da kunnenta.

Sannan ya matsa wurin mai tabarau, murya ƙasa ƙasa. "Madam, ki yi haƙuri. Gaskiyar magana..."

"Malam tela, a garin nan aka haife ni," in ji Dorothy tana ɓantarar goronta. "Tun da na ga rago na san ba ofis za shi ba. Waɗancan ma na san cocinsu, ranar Alhamis suke koyon waƙa."

"To yanzu yaya ke nan?"

"Takardar da aka ba ni ta ce in rubuta wanda ya tsaya a wurin, ya kuma shiga mota. Ba ta ce in tambaye shi me ya fito da shi ba." Ta juyo masa da allon. "Ƙofar shagonka, sittin da bakwai. Kemis, talatin da tara."

Daga baya Shekwolo ya ce, "Madam, akwai masu ciki guda huɗu a cikinmu, ki ƙara."

"Ko 'yan biyu ne ba su kai ba, Baba."

Sai da aka kai su Maikunkele aka dawo da su. Liman ya makara ɗaurin aure, amma ya ce bai taɓa jin sanyi mai daɗi irin wannan ba.

Kwana tara bayan nan takarda ta fito, matsaya ta zama ta ƙofar shagon Maiwada. Ya sa aka sake wa allon shagon fenti, ya sayo benci biyu, ya fara gaisa da Shekwolo da hannu bibbiyu don mugunta.

Ranar Asabar da hantsi yana kan keken ɗinki wata farar mota ta tsaya. Wani dogon mutum da bai taɓa gani ba ya fito da hular kwano, da igiyar awo a kafaɗa, da bokitin jan fenti. Bai yi sallama ba sai da ya auna daga bakin kwalta har cikin shagon, igiyar ta bi ta ƙarƙashin ƙafar Maiwada ta taɓo bangon baya.

"Sannu da aiki," in ji Maiwada. "Rumfar ce za a kafa?"

"Da rumfa ce," in ji mutumin yana duba takarda. "Amma wurin da ke tara mutum sittin da bakwai cikin awa ɗaya ya fi ƙarfin rumfa. An ce a yi babbar tasha, mai cin mota uku a jere."

Ya tsoma buroshi cikin fentin, ya ɗago yana ɗiga, ya ƙare wa bangon kallo.

"Malam, wannan shagon na waye?"