Bait Takwas da Ƙwan Yaya

Ni na laƙaba mata sunan Birki, kuma har yau idan na ji wani ya kira ta da shi sai in ji kamar an tsikare ni da allura.

Mu biyar ne a ofishin, a saman wani shagon sayar da tayoyi, muna rubuta kod ɗin da ke tafiyar da injin ƙyanƙyasar ƙwai. Aikin ba shi da wani kwarjini: a riƙe zafi a digiri talatin da bakwai da rabi, a riƙa juya ƙwai a kan lokaci, har kwana ashirin da ɗaya. Ni na fi kowa daɗewa a wurin, kuma ban taɓa bari wani ya manta da hakan ba.

Ita kuwa, wata shida da zuwanta ta cika mana kod da shingaye. Kafin abin da muka rubuta ya shiga injin, sai ya bi ta hannun kompaila, wato manhajar da ke mayar da rubutunmu harshen da injin ke ji. Sai Birki ta rubuta wani ɗan makiro, wato gajeren umarni mai layi ɗaya, ta sa masa suna TABBATA. Kana ba shi sharaɗi. Idan sharaɗin ya cika, ya buƙaci kompaila ya ware gurbi ɗaya, aiki ya wuce salin alin. Idan bai cika ba, ya buƙaci gurbin da girmansa bai kai ko sifili ba, abin da ba ya yiwuwa, sai kompaila ya turje ya ƙi motsi. Nufinta a kama kuskure tun a kan tebur, kafin ya kai inda ƙwai suke.

"Malama, mota muke tuƙawa ko birki muke takawa?" na ce mata wata rana a gaban kowa. Aka yi dariya, suna ya bi ta. Ta ci gaba da aikinta.

A lokacin ne Oga ya ce ana neman inda za a gwada sabon injin, na yi caraf na ce a kai gidan Yayata. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma ta daɗe tana burin daina sayen 'yan tsaki, ta riƙa ƙyanƙyasar nata. Na so in burge ta. Sai na ƙara wani abu da babu wanda ya sa ni: duk sanda aka kunna injin, allonsa ya nuna sunan mai shi. Bait takwas kacal, wato gurbin baƙaƙe takwas, abin ya ci a cikin ma'ajiyar saituna.

Na danna don in tura wa kompaila, sai ya tsaya cik. Layin Birki ne. A gefensa ta rubuta: "Saituna kada su wuce bait sittin da huɗu. Gyaran ma'aunin zafi na zaune a bayansu."

Na karanta, wallahi na karanta. Ba zan ce ban gani ba. Amma direban da zai kai injin yana ƙasa yana ta danna hon, ni kuma raina ya ɓaci da a ce yarinyar jiya ce za ta tare ni a kod ɗin da na fara rubutawa tun tana makaranta. Na yi tsaki, na sa wa layin alamar da ke sa kompaila ya tsallake shi. Komai ya wuce. Na kunna injin, allo ya nuna YAYA da manyan baƙaƙe, zafi daidai. Na ce a ɗora a mota.

Yaya ta share ɗakin ajiyarta na bayan kicin, ta shimfiɗa leda, ta jera ƙwai ɗari uku. Da ta ga allon sai da ta yi guɗa.

"Auta, har injin ya san ni?"

Na nuna mata abu ɗaya da za ta yi da hannunta: ranar kwana na goma sha takwas ta kashe juyin ƙwai, ta danna koren maɓalli don injin ya adana saitin. Ta sa na maimaita sau uku, ta rubuta a jikin kalanda.

Kwana ashirin da ɗaya ya cika, shiru. Ashirin da biyu, shiru. Ranar ashirin da uku ta kira ni da safe, na je. Tun daga ƙofar kicin wari ya tarbe ni. Tana zaune a kan bokiti, ta fasa guda goma a cikin roba, kowanne da ɗan tsako cikakke, da gashinsa da bakinsa, a mace. Allo na nan yana nuna talatin da bakwai da rabi. Na sa hannu a cikin injin, na ji zafin ya wuce misali.

"Ni ce, Auta," ta ce. "Tun ranar da na danna maɓallin nan na ji ɗakin ya canza. Ƙila na daɗe da yatsana a kai. Ka yi haƙuri, na ɓata maka kaya, na ba ka kunya a wurin aikinka."

Ita ke ba ni haƙuri. Ni kuwa na san abin da ya faru sarai: da ta danna, injin ya rubuta bait saba'in da biyu a gurbin sittin da huɗu, takwas ɗina suka hau kan gyaran ma'auni suka tattake shi. Daga nan injin ya yi ta dafa ƙwai yana rantsuwa cewa komai lafiya. A ofis ban taɓa danna maɓallin ba ko sau ɗaya.

Me na ce mata? Na ce, "Ba komai, Yaya, ƙaddara ce." Na taya ta kwashe ƙwan a buhu. Ban taɓa raina kaina kamar ranar ba, amma hakan bai sa bakina ya buɗe ba.

Kwana huɗu ina yawo da abin a ciki. A rana ta biyu ta aiko cewa a zo a ɗauke injin, ita ta haƙura da kiwo, hannunta ba na wannan sana'ar ba ne. Aka dawo da shi ofis, Oga ya ce Birki ta bincika.

A rana ta huɗu, ana fita cin abincin rana, ta ce, "Injiniya, ɗan zo ka ga wani abu."

Ofishin ba kowa sai mu. Ta juyo mini da kwamfutarta. Ga layin nan da alamar da na sa, ga sunana da kwanan wata a gefe, domin ma'ajiyar kod ba ta mantuwa. Ta goge alamar, ta danna. Kompaila ya tsaya cik, ko daƙiƙa biyu bai ɗauka ba.

Na jira ta rama. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

"Rahoton Oga sai gobe," ta ce. "In ka so ka riga ni gaya masa, in ka so ka bari ya karanta. Wannan tsakaninku ne. Amma direba ya ce da ya je ɗauko injin ya tarar da baiwar Allah tana kuka, wai ita ta kashe su. Gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne.

"Kuma ka sani tun ranar?"

Na ce na sani. Ta ɗauki jakarta ta fita cin abinci, ta bar ni da allon.

Ban jira an tashi daga aiki ba. Na sami Yaya a tsakar gida tana wanke kwanukan ruwan kaji, ta jera su a rana za ta ba maƙwabciya. Na durƙusa a gabanta kamar yadda nake yi ina yaro, na faɗa mata komai: shingen da aka sa, gargaɗin da na karanta, da yadda na tsallake shi don sunanta ya fito a allo. Na ce ko wa ya danna maɓallin nan haka za ta faru, kuma ta yi daidai yadda na koya mata.

Ta daɗe tana cuɗa kwano ɗaya da ya riga ya fita.

"Yaushe ka gane?"

"Ranar da na sa hannu a ciki."

"Ranar da nake ba ka haƙuri."

"E, Yaya."

Ta ajiye kwanon, ta goge hannu a zaninta, ta kalli tafukanta gaba da baya.

"Ƙwai dai kaji za su sake yi, Auta," ta ce. "Amma kwana huɗu ka bar ni ina tsine wa hannun nan. Da shi na yi maka wanka."

Ta miƙo mini soso. Na karɓa, na ja bokitin ruwan gabana, muka ci gaba da wankin.