Dutsen Kabarin Leota Kubicek

Ni na riga kowa gani. Duk wanda ya ce maka shi ne, ko fasto ko Bernadine mai gidan abinci, ka ce masa Orval Spurlock ya ce ƙarya yake yi. Tun ranar Laraba na gane za a binne Leota Kubicek a garin da ba nata ba, masu ilimin garinmu kuwa suna can suna shafa wa tankin ruwa fenti don tarbar baƙi.

Ban wuce aji uku a makaranta ba. Amma shekara sittin ina haƙa kabari a Tolliver ta Kansas, kuma na san abu guda: kwana uku kafin a kawo gawa, mai shirya ta yakan buga mini waya. Ba a taɓa tsallakewa ba, har a shekarar da ƙasa ta daskare sai da na hura wuta a kanta kafin diga ta shiga. Ranar Litinin rediyo ya ce Dakta Leota ta rasu, matar nan da ta fito da irin alkamar da ba ta jin fari. Ya ce ta bar wasiyya a binne ta a Tolliver inda aka haife ta, kuma ranar Asabar za a yi. Na jawo kujera kusa da waya. Talata shiru. Laraba zama ya gagare ni, na shiga na fita ya fi sau ashirin, na ɗaga kan wayar in ji ko ta lalace. Lafiyarta lau.

Na ɗauki hulata sai wurin Bernadine. Na same ta tana murza ƙullun kek na tuffa, gari har gira.

"Ba nan za a kawo ta ba," na ce.

"Tsohon banza, zauna ka sha kofi. Da kunnena na ji rediyo ya ce Tolliver."

"Tolliver nawa ne a ƙasar nan?"

"Biyar ne ko shida, wa ya ƙirga? Amma wacce ce ta taɓa haifar mutumin kirki in ba tamu ba?"

"Ta Illinois na da alƙali da ɗan dambe. Ke da kanki kika ce wasiƙunki can suke fara zuwa yawo."

Sai ta daina murzawa. Ta goge hannu, ta nemo lamba ta buga ofishin magajin garin can. Ina kallon fuskarta tana sauka kamar kek ɗin da aka buɗe wa murhu da wuri. Wata mata ta ce mata ƙwarai, nan ne, ai sunan Dakta Leota ya shekara ashirin a kan allon bakin garinsu. In muna da ja, mu aiko da takardar haihuwa.

Takardar haihuwa! Guguwa ta tafi da ita tare da ofishin da aka ajiye ta. Ina da shekara goma sha biyu lokacin, Leota na da goma. Guguwar nan ta sure ni daga bakin rumbunmu ta dire ni a gonar su Leota, mil guda cur, da takalmi ɗaya a ƙafa, ban karya ko yatsa ba. Mutum talatin da huɗu ta kashe ran nan, ciki har da uwar Leota da ƙanenta. Ubanta ya kasa zaman garin, ya kwashe ta suka koma Illinois, can ta yi karatu ta yi suna. Masu rubuta littafi suka ga Tolliver, suka ga Illinois, suka haɗa biyun. Ita kuma ba mai magana da 'yan jarida ba ce, balle ta gyara musu.

Sau ɗaya ta dawo, shekara talatin da suka wuce. Ta sa aka sassaƙa mata dutse aka kafa kusa da na uwarta, yadda muke yi: suna, shekarar haihuwa, ɗan layi, sannan fili a bar wa ranar mutuwa.

"Orval, kada ka ba kowa wurin nan," ta ce mini.

"In kin riga ni tafiya ke nan."

"Zan riga ka mana. Kai da guguwa ta ɗanɗana ta tofar?"

Na ce mata na ɗauki alkawari. Sau biyu aka nemi wurin, sau biyu na hana.

Bernadine ta ce mu ɗauki hoton dutsen mu aika. Na ce hoto zai isa bayan an rufe rami. Ranar Alhamis na kai a-kori-kurata makabarta, da katako biyu da sarƙa. Ni kaɗai na tumɓuke dutsen nan, ni kaɗai na ja shi bayan mota, ina da shekara tamanin da huɗu. Fasto ya zo yana cewa wannan laifi ne a doka. Na ce ya faɗa wa doka ta biyo ni, amma ta zo da ruwan zuba wa inji.

Mil ɗari shida. Motar ta tafasa sau uku, dutse ya danne bayanta har hancinta na kallon sama. Duk inda na tsaya ba na iya gama kofi ɗaya, sai in ji kamar a lokacin ake zura akwatin gawarta a rami. Duk ramin da taya ta faɗa sai na waiwaya in ga ko dutsen ya tsage.

Asabar da hantsi na shiga Tolliver tasu. Gari mai kogi da tuddai da itatuwa, ko kara ɗaya na alkama ban gani ba. Tutoci ko'ina, 'yan badujala suna gwada ƙaho. Na bi jama'a har makabarta, na kutsa da mota har gaban rumfa. Na leƙa ramin. Da inji aka haƙa, gefensa duk a tsattsage. Ko kare ba zan sa a ciki ba.

Wani mai ƙaton ciki da fure a ƙirji ya taso. Shi ne magajin gari, Dale Hostetler.

"Baba, wurin ajiye motoci yana can baya."

"Ba ajiyewa na zo yi ba, ɗauka na zo yi. Ina dangin mamaciya?"

Wata mata cikin baƙaƙen kaya ta miƙe daga kujerar gaba, ba za ta wuce arba'in ba. Haɓar Leota ce sak. Ta ce sunanta Corinne, jikarta ce, kuma ita kaɗai ta rage. Na sauke ƙofar bayan mota na yaye bargo. Ga dutse, da ƙasar Kansas maƙale a gindinsa.

Magajin gari ya yi dariya. "Kowa na iya sa a sassaƙa dutse, baba. Mu muna da littafi."

"Littafinku ya taɓa cire mata ciyawa?"

"Ka san mutum nawa suka zo nan yau?"

"Ka san mutum nawa ke jiran ta can? Biyu. Sun fi shekara saba'in suna jira."

Corinne ba ta kula mu ba. Ta hau bayan motar da takalminta mai tsini, ta durƙusa, ta sa yatsa a filin da aka bari babu rubutu. Sannan ta kankare ƙasar da ta rufe layin ƙasa, ta karanta a fili, don ni ƙananan baƙaƙe suna ba ni wuya: "'Yar Anezka, yayar Milo."

Ta juyo. "Mista Spurlock, wane ne Milo?"

"Ƙanenta. Shekararsa huɗu."

"Sunan mahaifina ke nan. Ya mutu yana tambayar ta inda ta samo sunan, ba ta taɓa faɗa masa ba."

Na gaya mata. Ni na tsinci yaron ran guguwa, a jikin shingen waya, kafin kowa ya iso. Na rufe shi da rigata. Da Leota ta zo da gudu ni na riƙe ta don kada ta ɗaga rigar, ta cije ni a hannu. Na naɗe hannun riga na nuna mata tabon. Mai ƙaho ɗaya da bai san abin da ake ciki ba ya busa, wani ya doke masa gwiwar hannu.

Corinne ta sauko. Ta ce wa magajin gari ya yi jawabinsa, a busa badujala, a ci abinci, ta gode da karamci. Amma akwati ba zai shiga ramin nan ba.

"To, allon bakin gari fa?" ya ce, fuskarsa ta yi ja.

"Ku bar abinku," na ce. "Fenti ne."

"Ramin kuma mu yi yaya da shi?"

"Ajiye shi, ranka ya daɗe. Na auna ka da ido, tsawonka ne. Faɗin ne sai an ƙara."

Motar gawa ta biyo bayana mil ɗari shida, direbanta na ta ƙorafi wai ba na gudu. Litinin da sassafe na fara haƙa da hannuna. Samarin gari suka kawo inji, na kore su. Ƙafa shida, kusurwa huɗu kamar an yanka da wuƙa, taku ɗaya daga kabarin uwar Leota. Da rana ta karkata muka sauke ta. Corinne ta zuba shebur na farko, ni na cike sauran.

Na ji wasu a Illinois na cewa wai barasa ce ke magana, wai tsoho mai shekaruna ba zai haƙa ƙafa shida a yini ɗaya ba. To, ina nan, gida na ƙarshe kafin makabarta. Shebur biyu gare ni. Mai ja ya zo ya zaɓi wanda ya fi kaifi, mu fara rami gefe da gefe. In ya riga ni kaiwa ƙasa, ya tura ni cikin nawa ya rufe.