Man da Yaya Ya Zuba

Tun ranar da maigidana ya sayo ƙaramar jif ɗin nan muka shiga uku a gida. Mota ce 'yar gayu, kujerun fata, ga sanyi, har tsawa take yi wa mutum in bai ɗaura bel ba. Sai dai ba ta shan man da kowa ke sha. Nata na musamman ne, gidan mai ɗaya tal ke sayar da shi, can ƙarshen gari. Dillali ya ja masa kunne, bakanike ya ƙara: aka kuskura aka zuba mata gama-garin mai, inji zai fara ƙwanƙwasa, garanti kuma ya tashi.

Shi ke nan mutumina ya koma malamin mai. Baƙo ya zo gaisuwa, sai ya sha wa'azin fetur. Ni da na haifa masa 'ya'ya, wallahi bai taɓa damuwa da abin da na ci kamar yadda ya damu da abin da motar nan ta sha ba.

Ana haka sai yayansa ya zo aron ta, zai kai matarsa ganin iyayenta. Yaya tela ne. Shi ya riƙe maigidana bayan rasuwar mahaifinsu, da keken ɗinki ya biya masa kuɗin karatu. Wa zai hana shi mota? Maigida ya miƙa makulli.

"Yaya, don Allah kada ka sa mata mai. Akwai a ciki."

"To, to, na ji," in ji Yaya yana murmushi.

Na san murmushin nan. A danginsu ba a mayar da abin aro yadda aka karɓe shi, ko tocila ka ara musu sai ta dawo da sabon batir. Da Yaya ya fita na ce, "Ka gaya masa dalili mana!"

"Ke! In dubi Yaya in ce man da yake iya saye bai kai matsayin motata ba?"

Da yamma mota ta dawo tana warin fetur, tanki cike taf. Yaya ya fito yana washe baki. "Wajen masu jarka na bakin titi na tsaya. Na ce su zuba, su yi ta zubawa, sai da ya tumbatso!"

Maigida ya ce, "Madalla," da wata murya da ban taɓa jin irinta ba. Ni kuwa na faɗa ɗaki, na toshe baki da matashi, na yi dariya har da hawaye.

Washegari ya tsaya gaban madubi yana gwada jawabi. "Yaya, ka san injunan zamani…" Ya gyara, ya sake, ya ce in raka shi wajen Yaya don kada ya fasa. Muka tafi, mota na ƙwas-ƙwas kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, kowane ƙwas sai ya runtse ido.

Muka tarar da Yaya a shago, abin awo rataye a wuya, ƙyallaye ko'ina. Maigida ya gyara murya, amma Yaya ya riga shi.

"Ƙanena, jiya na ji daɗi. Tun da Allah ya buɗa maka, duk abin da na kawo sai ka ce in bar shi, kana da shi. Jiya ne kaɗai na yi maka abu ka karɓa." Ya goge ido da wani ƙyalle.

Nan dariyata ta ɗauke, tausayi ya kama ni. Na dubi maigida, shi kuma ya leƙa motarsa ta ƙofa, sannan ya ce:

"Ai Yaya, tun da ka zuba mata take gudu."

"Ka gani ko!" Yaya ya buga cinya. "To daga yau man motar nan a wuyana yake. Duk ƙarshen mako ka kawo ta."

"Zan kawo, Yaya," in ji maigida.